Hilux ta 1991: a farfaɗo da 22R ko a ɗora mata injin Prado?

MaiDankali_Jos:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema daga kanikawa da masu walda. Motar Hilux ce RN105 ƙirar 1991, mai ogzilari, aksil ɗin gabanta sanda ɗaya ne a kan sifirin, injin 22R mai kafireto. Injin yana hayaƙi shuɗi, yana shan baƙin mai, kuma ruwan lagireto ya fara gauraya da man. Aikin da ake so ta yi shi ne ɗauko dankali daga Bokkos da Mangu zuwa Farin Gada, wani lokaci ta sauka Abuja ta Hawan Kibo da kaya. A gefe guda akwai Prado ta ƙarshen shekarun 1990 da ta yi haɗari ta baya, injinta 3RZ lafiya lau, za a yanka ta a sayar. Wanne ya fi: a sauke 22R a gyara, ko a ɗora injin Prado? In ɗorawar ce, me da me za a ciro kafin 'yan gwangwan su ɗauke gawar?

Usta_FarinGada:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kafin a yanke wa 22R hukunci a gano ta ina ruwan ke shiga. Mutane da sun ga mai ya koma kalar madara sai su ce gasket ɗin top ne, wato kan inji. A wannan injin sau da yawa ba shi ba ne. Cen ɗin taimin yana tafiya ne a kan takalman roba. In cen ya saki, takalmin ya karye, sai ya riƙa gurzar murfin taimin ta ciki har ya huda hanyar ruwan da ke bayan famfon ruwa. Buɗe murfin bawul, haska tocila ƙasa ta gefen direba. In ka ga layi biyu a ƙwaƙule a jikin alminiyon, ka sami ɓarawon. Maganinsa murfin taimin, cen, takalma da tenshona, sannan a sauke kaskon mai a kwashe gutsattsarin roba, don su ne ke toshe rariyar famfon mai.

Hayaƙin kuma a gwada kwamfireshan. Sabon 22R yana ba da wajen 170 a ma'aunin psi a bakin teku. Mu nan muna sama da mita 1,200, iska ta fi sirara, don haka in ka ga 145 zuwa 150 kada ka tsorata. Abin dubawa shi ne bambanci tsakanin silinda huɗun, kada ya wuce 14. Wadda ta yi ƙasa a ɗiga mata cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi a sake gwadawa. In ta tashi, ringi ne. In ba ta tashi ba, bawul ne ko gasket.

Injiniya_Bukuru:
Usta ya yi gaskiya a kan ganewar cutar, amma ni ina bayan 3RZ. 22R mai kafireto ƙarfinsa wajen doki 100 ne, 3RZ kuwa wajen 150, cc 2,693, bawul 16, shi ma cen ne ba bel ba. Ga tsayin Jos yana cinye wa inji fiye da kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa. Kafireto ba ya sanin iska ta ragu, yana ci gaba da zuba mai kamar yana Legas, fulogi ya yi baƙi. Injekta kuwa yana auna iskar ya rage man da kansa. Mota mai hawa daga Akwanga da lodi tana bukatar wannan bambancin.

BabaMaiWalda:
Duk kun tafi inji. Ni ban ji wanda ya ce a duba shasi ba. Motar ta haura shekara talatin. A sauke bodin baya, a wanke shasin da injin feshi, a bi shi da ƙaramar guduma daga gaba har baya. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa yana yin dum. Inda ya fi ruɓewa: gindin kunnuwan sifirin na baya, ƙarƙashin tanki, da inda laka ke kwanciya a cikin akwatin shasin. In motar ta zo ne daga Turai, inda ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi, daga ciki take ruɓewa, waje yana nan da fentinsa.

Sai awo. A ajiye ta a dandamali mai daidai, a auna daga kunnen sifirin na gaba na hagu zuwa na baya na dama, sannan a juya. In awon biyu sun bambanta da fiye da rabin santimita, shasin ya karkace, za ta riƙa cin taya ta gefe ɗaya komai alaimen da aka yi mata. Doki 150 a kan ruɓaɓɓen shasi ba ƙari ba ne.

MaiDankali_Jos:
Baba, in an sami ruɓa a wuri ɗaya ko biyu, faci zai riƙe?

BabaMaiWalda:
Zai riƙe in an yi shi yadda ya kamata. A yanke ruɓar gaba ɗaya har a kai ƙarfe mai haske, kada a rufa faranti a kan tsatsa. A cike gurbin da ƙarfe mai kaurin na shasin, wajen milimita 3, sannan a ɗora wani faranti a kai wanda bakunansa biyu suka yi tsini ko suka zagaye. Kada a ja walda a tsaye daga saman shasi zuwa ƙasa a miƙe, nan ne zai tsage in an yi lodi. Waldar lantarki, ba ta kabad ba. A cire kan batir tukuna. Kuma inda aka buga lambar shasi kada wuta ko giranda ta kusance shi.

Rewaya_Dilimi:
Game da abin da za a ciro daga Prado, maigida ka rubuta ka ba yaran da za su kwance, kuma ka tsaya a kansu. Abin da ya fi kashe wannan aikin shi ne almakashi. Yara suna sauri sai su datse wayar inji a bakin bangon gaba, alhali ita ake so ɗungurungum har soket ɗin birenbos, wato kwamfutar injin. A zare ta a hankali ta ramin bangon.

A haɗo da birenbos ɗin motar, ba na wata ba. Akwatin fiyus da rile na cikin bonet. Akwatin iyakilina da na'urar auna iska da ke jikinsa. Sensan salansa da guntun bututun da yake ɗaure a kai. Kwayil da igniyita in mai distiributo ne. Altaneta, kik, famfon sitiyari da duk ƙarafunan da ke riƙe su. Wayar totur. Famfon mai na cikin tanki. In makullin mai cif ne, to makullin da zoben da ke bakin suwic da birenbos tafiyarsu ɗaya, in ɗaya ya ɓata injin zai yi ta juyawa ba zai tashi ba.

Abu biyu kuma da ake mantawa. Sensan zafi na agogon dashbod a bar na tsohuwar motar, a ɗaura shi a sabon injin, in ba haka ba allurar za ta riƙa yin ƙarya. Sannan wayar at, wato ta nagetif: ɗaya daga batir zuwa inji, ɗaya zuwa bodi, ɗaya zuwa shasi, kowacce a kan ƙarfen da aka kankare. Rabin injinan da ake cewa birenbos ɗinsu ya mutu, at ne babu.

Garba_Giyabos:
Kada wanda ya ce maka ka ɗauko giyar Prado da ogzilarinta ka ɗora gaba ɗaya. Ba za ta yi ba. Farfelar gaba ta Prado ta hagu take fitowa, ƙwallon aksil ɗin gaba na Hilux ɗinka kuwa yana dama. Don haka giyarka da ogzilarinka suna nan inda suke, a kan kurosmemba ɗinsu. Wannan ma alheri ne, farfela biyu ba za a yanke ko a ƙara ba, sandar giya za ta fito ta raminta.

Abin da za a canza shi ne ƙoƙon da ke haɗa giya da inji. Na 22R ba ya hawa bayan 3RZ. Giyoyin Toyota na dangin G da W, irin su G52, G58, W56, bakinsu ɗaya ne, ƙoƙon wannan yana ɗauruwa a wancan. Dangin R, wato R150 da R151, nasu daban ne. To a duba Pradon. In giyarta dangin R ce, ko otomatik ce, ƙoƙonta ba zai yi maka amfani ba, sai a nemo na 3RZ da ya fito daga giyar W59. A sayo shi da cokalinsa da rilis boris da ƙaramin famfon kuloci na ƙasa.

Fulawil na inji ne, ba na giya ba. In Pradon otomatik ce babu fulawil a jikinta, faranti ne siriri, kuma babu ƙaramin boris a gindin kuranshaf inda hancin giya ke shiga. Dole a sa shi. In an manta, giya za ta fara kuka kafin wata uku. Faifan kuloci a gwada shi a hancin giyar a ƙasa kafin a ɗaga inji, haƙora 21 ne.

Usta_FarinGada:
Ƙari a kan na Malam Garba: sit ɗin inji su ne na ƙarshe. A ɗaura inji a jikin giya, a rataye shi da cen bulok, a daidaita shi tsakiya, a duba tazarar fanka da lagireto da ta bonet, sannan a ɗiga walda a sit. Ba a fara walda sannan a tilasta wa inji zama.

Kaskon baƙin mai kuma shi ne babbar rigima a mota mai aksil sanda. Aksil ɗin yana hawa da sauka, ga sandar sitiyari a gabansa. Kaskon da zurfinsa ya faɗo saitin ƙwallon aksil, ramin farko a hanyar Bokkos zai fasa shi. Ana bukatar mai zurfi a baya, tare da bututun tsotson mai nasa da sandar awon mai tasa, ukun tare. A gwada ta hanyar auna tazarar da ke tsakanin aksil da robar da ke tare shi a shasi. Tazarar kasko ta fi wannan da aƙalla yatsu biyu.

Injiniya_Bukuru:
Sai salansa. In kana zaune a kujerar direba, ta 22R tana hagu, ta 3RZ tana dama, ɓangaren da farfelar gaba take. Dole a lanƙwasa bututu ya tsallaka, kuma duk bututun mai ko na birki da ke bin dama a matsar da shi ko a sa masa garkuwar gwangwani. Man birki da ya sha zafin salansa ba ya riƙe mota.

Batun mai: famfon kafireto bai wuce psi 3 zuwa 5 ba, injekta yana son 38 zuwa 44. Tsohon tiyo da kilif ɗin waya ba za su ɗauka ba, a sa tiyon injekta da filtarsa ta ƙarfe, a tabbatar akwai layin da ke mayar da mai tanki. Famfon ya bi ta rile yadda in inji ya mutu shi ma zai tsaya. Masu haɗa shi kai tsaye da suwic suna wasa da gobara.

Dan_Terminus:
Ni fa ban ga abin da ya kai dizal ba a aikin lodi. 3L ko 5L, waya ɗaya ce ke zuwa famfo, babu birenbos babu sensa.

Usta_FarinGada:
Gaskiya ne ga 3L da 5L mai famfon hannu, amma 5L-E birenbos gare shi, a lura wajen saye. Kuma ba waya ɗaya ce kawai ba. Dizal ba ya ba da tsotson iskar da sabo, wato tukunyar da ke ƙara wa birki ƙarfi, ke aiki da shi, famfonta yana bayan altaneta, in aka sa altanetar fetur birki zai zama dutse. Ga hita mai ɗumama silinda da rile ɗinta, wanda a sanyin Disamba na Jos ba a tashi sai da su. Ga filta mai raba ruwa, ga wanke tanki, ga batir babba, ga nauyin da zai danne sifirin gaba. Bel ɗin taimin duk kilomita 100,000, in ya tsinke fistin ya daki bawul. Kuma top ɗin dangin L ba ya yafe zafi, tafasa ɗaya mai kyau ya tsage. 3L wajen doki 90 ne, yana ja amma ba ya sauri. Ƙoƙon giya nan ma sai an canza.

Hajiya_Transport:
Ku haɗa da lissafin abin da za a zuba a tanki. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 masu motocin kaya da yawa suka koma duba gas na CNG, kuma injin fetur ne ke karɓarsa cikin sauƙi. Sai dai tukunyar tana da nauyi, tana cin wurin buhu a baya, ƙarfi yana ɗan raguwa, kuma sai an duba ko akwai wurin cikawa a hanyar da motar ke bi. Abuja da sauƙi. Ƙauyukan Bokkos fa?

Baban_Khalifa:
Allah sarki, da Fijo 504 akori-kura ce da duk wannan dogon lissafi bai taso ba. Tun 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna, kayanta har gobe suna Panteka. Ka ɗauko injin 2.0 na 504 ko na 505 mai irin wannan tubalin, ka ɗora, ka tafi.

Garba_Giyabos:
Baban Khalifa, da sharaɗi. 505 tana da inji iri biyu na fetur masu silinda huɗu da aka fi gani: mai cen irin na 504, cc 1,971, da na alminiyon mai bel. Na biyun zamansa da bakin giyarsa daban ne. Kuma injin 504 hannun riga gare shi da ke zaune cikin ruwa. In an cire top aka juya kuranshaf ba a danne su ba, sun ɗaga, ruwa ya sauka cikin mai. Kowace mota da nata tarkon. Amma mu koma kan Hilux.

Direban_Kibo:
Ni tambayata ɗaya ce: wa zai tsayar da ita? Kuna ta ƙara doki, mota za ta sauko Hawan Kibo da buhunan dankali. Man birki DOT 3 sabo yana tafasa a wajen digiri 205, wanda ya sha ruwa kuwa a 140. Shi ya sa feda ke tafiya ƙasa a tsakiyar gangara. A zubar da tsohon gaba ɗaya, a canza tiyoyin roba, a duba bututun ƙarfe ko tsatsa ta ci. A sauka da giya ta biyu, ba a kan feda ba.

Usta_FarinGada:
Ranka ya daɗe ka taɓo wuri. Kuma kada a ce tunda Prado ta fi girma a ɗauko mastar birkinta. Faɗin masta yana rubuce a jikinta, 13/16, 7/8, 15/16 ko inci 1. In ka sa mai faɗi a kan ƙananan kalifa, feda za ta yi tauri amma matsin da ke isa taya ya ragu. Masta da sabo da kalifa lissafinsu ɗaya. Sannan akwai bawul a saman aksil ɗin baya mai sanda, wanda ke ƙara wa baya birki in an yi lodi. Masu ƙara ganyen sifirin suna ɗaga mota su bar sandar yadda take, sai bawul ɗin ya ɗauka motar ba kaya, ya hana baya birki. A ɗaga mariƙin sandar daidai da yadda aka ɗaga motar. Wasu kuma cire shi suke yi, sai baya ya riƙa kullewa in ba kaya, musamman a kwalta mai ruwa.

Injiniya_Bukuru:
Tunda an zo aksil: in za a canza ƙwallon baya da na wata motar, dole lissafin haƙoransa ya zo ɗaya da na gaba. A ƙirga na babban faifai a raba da na ƙaramin. 41 da 10 shi ne 4.10, 43 da 10 shi ne 4.30, 41 da 9 shi ne 4.56, 39 da 8 shi ne 4.88. In gaba 4.56 ne baya 4.10, ranar da aka sa ogzilari a ƙasa mai tauri wani abu zai karye. In ba a son buɗewa, a ɗaga taya ɗaya, a juya ta sau biyu cif, a ƙirga juyin farfela. Ƙwallon baya na 4Runner ko Surf na farkon shekarun 1990 yana shiga, amma aksil ɗin bayan ɗungurungum ba ya zama, don nasu a kan sifirin mai murɗe yake. Masu son taya inci 31 kuma su sani ta fi ta asali da wajen kashi 7 cikin 100, za ta rage ja a hawa, agogon gudu kuma ya riƙa nuna ƙasa da gaskiya.

Rewaya_Dilimi:
Wani ya yi maganar tafasa a sama. Don Allah a daina cire tamostat ana haɗa fanka kai tsaye. A injin injekta, in bai kai zafinsa ba birenbos yana ɗauka har yanzu safiya ce, ya yi ta ƙara mai. A Jos ruwa yana tafasa a wajen digiri 96, murfin lagireto mai lamba 0.9 ne ke ɗaga shi zuwa wajen 116. Murfi mai mataccen roba ya fi tamostat laifi. A wanke lagireto, a mayar da kwandon da ke kewaye da fanka, a zuba kulan ba ruwan rijiya ba.

Lauya_Rayfield:
Takardu. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin da lambar shasin motar da aka ciro shi, da sunan shagon. A ga takardun Pradon da ido kafin a biya, don injin sata yana jawo wa mai saye. Bayan an gama a je ofishin lasin da VIO a gyara lambar inji a takardun Hilux, haka ma in an canza launi. Sitiyari kuma a tabbatar motar da ake cirar kayan ta hagu ce. Tun 1972 muke tuƙi a hannun dama, kayan da suka zo daga Japan ko Ingila wayarsu da fedarsu a juye suke.

MaiDankali_Jos:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. An leƙa da tocila kamar yadda Usta ya ce, layi biyun suna nan a murfin taimin. Pradon kuma otomatik ce. Ke nan in 3RZ ne sai an nemo ƙoƙo da fulawil da kasko daban.

Rewaya_Dilimi:
Da ƙarin aiki a waya. Birenbos na otomatik yana jiran sigina daga giyar da babu ita, kuma layin kik yana bi ta suwic ɗin nitira, sai an haɗe shi. Ana yi, amma a samo wanda ya iya karanta zanen waya.

Usta_FarinGada:
To ni a nan na tsaya: a gyara 22R. Amma wajen sayen kaya a kula, an canza tsayin tubalin injin daga ƙirar 1985, don haka top da murfin taimin da cen na kafin nan ba sa hawa naka. A kai tubali a auna kafin a sayi ringi, kada a saya da ka. Tunda ruwa ya shiga mai, metal, wato boris ɗin kuranshaf, duka a canza. Notin top a ɗaure da sifana mai awo, 78 Nm, daga tsakiya zuwa waje, a zagaye uku. Bawul a saita da zafi, milimita 0.20 na shiga, 0.30 na fita. Kuɗin da ya rage a zuba a birki da sil ɗin aksil na gaba.

Injiniya_Bukuru:
Ban sauka daga ra'ayina ba. Inji mai lafiya da aka ji kukansa a cikin motarsa ba kullum ake samu ba, ya fi na Beljiyam da ke ajiye a ƙasa ba a san tarihinsa ba. Alhaji, ko da 22R za a gyara yanzu, ka sayi 3RZ ɗin da wayarsa da birenbos ka ajiye, a toshe bakunansa, a ɗiga mai a silinda. Ƙoƙon W59 a sa cigiya a Apo da Zuba, in ba a samu ba Ladipo. Malam Garba, kai da ka san 'yan giya, fulawil na 2RZ na Hiace yana hawa 3RZ ko sai an ƙirga ramukan noti?

Garba_Giyabos:
A ƙirga, kuma a auna. Ramukan noti, haƙoran da kik ke kamawa, da faɗin fuskar kuloci. A tafi kasuwa da farantin otomatik ɗin da aka cire a hannu, a ɗora shi a kan fulawil ɗin a gani kafin a biya.